Minti Huɗun Baba Hatimi

"Ina hatimin?" in ji lauyan gwamnati. Ya ɗaga takardar da yatsu biyu, ya juya ta gaba, ya juya ta baya. "Ya mai shari'a, a duba da kyau. Ko ɗigon tawada babu."

Ina zaune a benci na biyu da sandunan Baba Hatimi a kan cinyata, saboda ɗan sandan kotu ya hana a jingina su da bango. Ni na buga takardar nan a shagona shekara huɗu da suka wuce, ni na fitar da kwafinta, kuma tun daga ranar ta bi ta hannuna ya fi sau ashirin, amma ban taɓa duba kusurwarta ba. Me zai sa in duba? Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana karɓar takardu a hukumar ruwa yana buga musu hatimi, har unguwa ta manta ainihin sunansa ta koma kiransa Hatimi, shi zan tsaya in duba wa hatimi?

"Doka ta ce duk wanda zai kai hukumar gwamnati ƙara," lauyan ya ci gaba, "sai ya fara rubuta mata takardar gargaɗi, ya jira kwana talatin. Mu ba mu karɓi komai ba, mai ƙara kuma bai nuna shaidar mun karɓa ba. Saboda haka kotun nan ba ta da hurumin sauraron ko kalma ɗaya daga bakinsa."

Barista, lauyar Baba, ta miƙe da sauri har kujerarta ta yi ƙara. "Ya mai shari'a, shekara huɗu muna zuwa nan. Sai yau suka tuna?"

Alƙali ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce maganar hurumi ana iya tayar da ita kowane lokaci, ko da ranar yanke hukunci ce, don haka kowane ɓangare ya kawo jawabinsa a rubuce. Ya yi ta juya shafukan littafinsa, ya ba mu rana nan da wata uku.

Na miƙa wa Baba sandunansa. Ya gyara hularsa, ya taɓa aljihun gaban rigarsa inda yake ajiye jawabin shaidarsa, shafi biyu a ninke. Zuwanmu kotu na sha tara ke nan, kuma ba a taɓa ce masa ya fito da shafi biyun nan ba.

Na yi haƙuri har muka shiga tasi, sannan na juyo.

"Baba, don girman Allah! Kai fa? Kai da kake dawo mini da takarda in na bar waƙafi a inda bai dace ba?"

"An karɓa," ya ce, yana kallon titi.

"To ina shaidar?"

"Tana cikin littafi."

"Wane littafi kuma?"

"Mai Kwafi, rage murya, direba yana tuƙi."

Haka yake kirana, don shagona na buga takardu da kwafi ne, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Baba. In na kunna injin, yana jin ƙararsa daga kan gadonsa. In ya yi tari, ina ji daga kan kujerata. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Da mijina ya rasu, shi ya bi mini takardun gida ofis bayan ofis da ƙafafunsa biyu, lokacin yana da su.

Ciwon suga ne ya cinye masa ta hagu. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa, ya yi wata huɗu a gida, ya koma aiki da sanduna biyu. Ofishinsa a ƙasa yake, kusa da ƙofar shiga, aikinsa kuma a zaune ake yi. Sati uku da komawarsa, sabon Darakta ya sa aka kwashe ofishin karɓar takardu aka kai shi hawa na uku, a ginin da ba na'urar hawa. Baba ya yi kwana goma yana jan jiki yana hawa. Rana ta sha ɗaya aka miƙa masa takardar ritayar dole, kuma a layi na uku an rubuta cewa ba ya iya gudanar da aikinsa.

Layin nan shi ne duk rigimar. Ba komawa aiki yake nema ba, ya san ya wuce nan. Abu biyu yake so: ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da Darakta ya gaya masa a gaban mutane, sannan a goge layin daga fayil ɗinsa.

"Ba zan mutu da wannan a fayil ba," yakan ce. "Duk wanda ya buɗe shi nan da shekara hamsin, abin da zai gani ke nan."

"Wa zai buɗe, Baba? Beraye?"

"Ke ba ki san fayil ba."

Na san fayil yanzu, Allah ya sani. Da farko aka ce ba zai tafi kotu ba sai ya kai kokensa ga kwamitin cikin gida na hukumar. Ya kai. Kwamiti ya yi wata huɗu bai zauna ba, wai shugabansa ya tafi kwas. Da Barista ta gaji ta shigar da ƙara, sai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ai doka ta ba da wata uku kacal a kai ma'aikatar gwamnati ƙara, kuma wata uku ya wuce. Ku ji fa. Su suka ce ya jira, su suka ce ya makara. Shekara ɗaya da rabi muka yi a kan wannan kafin alƙali ya yarda da mu.

Muna murna, aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki. Sabon ya ce a fara daga farko. Ana cikin farawa gwamnati ta sauya wa hukumar suna, ta ƙara mata kalma biyu a wutsiya, sai lauya ya ce wadda muka kai ƙara babu ita a duniya. Ginin yana nan, Darakta yana nan, famfon unguwarmu yana nan a bushe kamar kullum, amma hukumar babu ita. Na sake buga takardu arba'in da ɗaya don kalma biyu. Wata rana kuma muka je aka ce fayil ya ɓata. Baba ya tambayi magatakarda a hankali ko ya duba ƙarƙashin tsohon sunan. Can aka same shi.

Duk ranar kotu, Inna matarsa takan goge masa farar riga, ta shafa wa takalminsa mai. Ƙwaya ɗaya ne, na dama, baƙi, tana goge shi har ka ga fuskarka. Ita ba ta zuwa kotu, ta ce in ta ga lauyan nan ba ta san abin da bakinta zai faɗa ba. Ni ce mai rakiya, ni ce mai riƙon sanduna.

Ranar da aka tayar da maganar hatimin, ban buɗe shago ba. Na bi shi har ɗakinsa, na ja kujera na zauna.

"Ba zan tashi ba sai ka gaya mini yadda aka yi."

Inna ta ajiye masa ruwa. "Gaya mata mana, Malam. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa."

Ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa kafin ya yi magana. Ranar da ya kai takardar gargaɗin, ya isa hukumar da hantsi, ya tsaya a gindin matakala. Hawa uku. Ya ɗaga kai ya kalle su, ya san ba zai iya ba, don lokacin gyambon wurin da aka yanke ƙafar ya sake buɗewa. Sai ya roƙi mai gadi ya kira masa Dogo.

Dogo shi ne mataimakinsa na shekara goma sha huɗu, wanda aka ba kujerarsa bayan an kore shi. Baba ne ya koya masa aikin tun daga yadda ake riƙe alƙalami.

"Ya sauko da gudu," in ji Baba. "Ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu, asali da kwafi ɗaya. Ya ce, 'Baba, bari in hau in buga in kawo maka.' Na zauna a bencin mai gadi."

"Sai me?"

"Sai na jira."

"Har yaushe?"

"Har aka tashi aiki."

"Bai sauko ba? Ba ka aika a kira shi ba?"

"In aika in ce me? In ce ban yarda da shi ba? Ni na koya masa, Mai Kwafi. Duk takardar da ta shigo, a buga mata hatimi, a shigar da ita littafi kafin a sha ruwa. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin ya saɓa ba. Na ce aiki ne ya riƙe shi. Na dawo gida na saka ɗaya kwafin da kika ba ni a cikin fayil."

"Ba ka kuma gaya wa Barista ba."

"Ba ta tambaya ba."

Na dafe kai. Wallahi da ba don girmansa ba, da na yi ihu har unguwa ta taru. Matakalar da suka kore shi da ita, ita ce ta hana shi kai takardar ƙorafi a kan korar, shi kuma yana zaune yana kare mutuncin littafi.

Washegari na je hukumar da kaina. Na hau matakalar nan ina haki, ni da nake da ƙafa biyu. Dogo yana zaune bayan tebur, furfura ta fara fito masa, hatimi da tawada a damansa, babban littafi a hagunsa. Da na faɗa masa ko ni wace ce, ya miƙe ya ba ni kujera.

"Yaya jikin Baba?"

"Ka je ka gani mana, ai ba a sauya wa gidan suna ba. Takarda ya ba ka shekara huɗu da suka wuce. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

Ya kalli ƙofa. "Hajiya, ba ni da ikon yin magana a kan abin da yake gaban kotu."

"To ka zo kotun ka yi rantsuwa."

"Ma'aikaci ba ya ba da shaida sai da izinin Darakta, a rubuce."

"Daraktan da muke ƙara?"

"Shi."

"To buɗe littafin in duba."

"Sai da umarnin kotu."

"Kotun da ta ce ba za ta saurare mu ba sai mun nuna abin da ke cikin littafin?"

Na tambaye shi ina ake kai takardar neman izinin. Ya ce nan, wurinsa. Na ari takarda da biro na rubuta a tsaye. Ya karɓa da hannu biyu, ya buga mata hatimi a kusurwar dama ta sama, ya rubuta kwanan wata da lokaci, ya shigar a littafi, ya miƙo mini kwafina. Duk bai kai minti ɗaya ba.

"Ashe ka iya," na ce.

Bai ɗago kai ba. Izinin kuwa har yau bai fito ba.

Kafin wata ukun ya cika, ƙodar Baba ta fara gazawa. Ƙafar da ta rage ta kumbura, takalmin ya daina shiga. Na daina jin tarinsa ta bango, sai nishi. Likita ya ja Inna gefe ya gaya mata abin da ya gani, ita kuma ta shigo shagona ta zauna a kan kwalin takardu, ta yi kuka ba sauti.

Barista ta yi abin da za ta iya. Ta shigar da roƙo cewa a ɗauki shaidar mai ƙara da wuri, ko a gida ne, tunda ba shi da lafiya. Ta haɗa da takardar likita. Lauyan gwamnati ya ce yana tausaya wa mai ƙara ƙwarai, amma kotun da ba a tabbatar tana da hurumi ba, ba za ta ɗauki shaidar kowa ba, ko a gida ko a asibiti. Ya ƙara da cewa takardar likitan ma daga asibitin kuɗi take, ba na gwamnati ba. Aka ɗage zuwa wata biyu.

"Me aka ce?" Baba ya tambaye ni da na dawo.

"An ɗage."

"Zuwa yaushe?"

Na faɗa masa. Ya ɗan lissafa da yatsunsa a kan bargo, ya daina.

"Ki sake buga mini shafi biyun nan," ya ce. "Wannan ya tsufa a wurin ninkin."

"Sau nawa ke nan, Baba? Na haddace shi fiye da lambar wayata."

"Ki ƙara girman rubutun. Idon ya ragu."

Na buga. Me zan yi?

Wata Asabar bayan la'asar, ina cikin cire takardar da ta maƙale a injin, sai na ga dogon mutum a tsaye a ƙofar gidan Baba. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sauke. Na fito da tawada a hannuna.

"Hanya ka ɓata, ko izinin ne ya fito?"

"Hajiya, na ji an ce jikin ya yi tsanani."

"Jikin ya daɗe da tsanani. Shiga, ba mai cizo a gidan."

Ɗakin ƙarami ne: gado, kujera biyu, tebur da kwalaben magani, akwatin ƙarfe inda fayil ɗin yake. Farar rigar tana rataye a ƙusa, a goge. Dogo bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a gefen gadon. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonsa.

"Ka yi furfura," ya ce.

"Baba, ka yafe mini."

Ya sa hannu a cikin rigarsa ya fito da ambulan. Takardar ce, kwafin da Baba ya jira a bencin mai gadi. Ta ɗan yi ruwan ƙasa a gefe. A kusurwar dama ta sama ga hatimi, ga kwanan watan ranar, ga lokaci, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, ga sa hannun Dogo.

"Na buga," in ji Dogo. "Na miƙe zan sauko ke nan Darakta ya shigo ya gan ta a hannuna. Ya karanta, ya karɓe asalin. Ya ce wannan in saka ta a aljihun tebur, tsoho ne, zai gaji ya bari. Ya ce in na sauka da ita, kada in sake hawowa. Baba, 'ya'yana biyar. Na leƙa ta taga na gan ka a zaune. Sau uku ina leƙawa."

Ni dai jinina ya riga ya hau. Na buɗe baki, Inna ta riƙe mini hannu.

Baba ya ce a ba shi tabaransa. Ya kawo takardar kusa da fuskarsa, ya bi hatimin da yatsa.

"Ya ɗan karkace," ya ce.

"Hannuna ne yake rawa, Baba."

"Ka shigar a littafi?"

"Na shigar. Kafin in sha ruwa."

Sai ya juyo da kansa a kan matashi, ya kalle ni, har da ɗan murmushi. "Kin ji, Mai Kwafi? Me na gaya miki?"

Na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu. Mutumin nan ya bar shi a benci yini guda, ya bar shi a kotu shekara huɗu, shi kuma abin da ya dame shi shi ne ya yi nasara a kaina.

Na fita waje na kira Barista. Ta yi ihun murna har sai da na janye wayar daga kunnena. Sannan ta nutsu ta ce ba haka kawai ake miƙa takarda ba. Sai an rubuta roƙon neman izinin ƙara hujja, a haɗa da rantsuwar wanda ya kawo ta, a kai wa ɗaya ɓangaren, a ba su kwana goma sha huɗu su amsa, sannan a jira ranar da kotu ta riga ta sa.

"Barista, mutumin nan ba shi da kwana sha huɗu."

"Na sani," ta ce. "Wallahi na sani."

Da na koma ɗakin, Baba ya sa an tayar da shi an jingina shi da matasai biyu. Ya ce Inna ta sa masa hula. Bai tambaye ni abin da Barista ta ce ba, ina jin ya karanta a fuskata.

"Ku zauna," ya ce. "Kai Dogo, kan kujera. Mai Kwafi, ba ni shafi biyun."

"Baba, ka huta mana."

"Na huta shekara huɗu."

Ya riƙe takardar, amma bai kalle ta ba. Ya faɗi sunansa, da lambar fayil ɗinsa, da ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya ce a shekara ashirin da bakwai takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya faɗi ranar da aka yanke ƙafar da ranar da ya koma. Yana yi yana tsayawa ya ja numfashi.

"Ranar Talata, a hawa na uku, na iso bakin ƙofa ina hutawa. Darakta ya fito da baƙi huɗu. Ya nuna ni da fayil ɗin da ke hannunsa, ya ce, 'Wannan fa? Nan ofis ne ko bakin asibiti? Duk wanda ya shigo da shi zai fara cin karo. Ku nemo mini cikakken mutum.' Baƙin suka sunkuyar da kai. Ni kuma na ce masa, 'Ranka ya daɗe, da hannu nake buga hatimi.' Ya ce kada in mayar masa da magana. Bayan kwana biyu aka ba ni takarda, an rubuta ba na iya gudanar da aikina. Ina iyawa. Ban taɓa kasawa ba. Ina roƙon kotu ta sa a goge layin nan. Shi ke nan abin da nake da shi."

Ya sauke takardar a kan bargo. Na kalli agogon bango, don na duba shi lokacin da ya fara. Minti huɗu ne. Zuwa kotu sau ashirin da ɗaya, alƙalai biyu, takardu cike da akwatin ƙarfe, duk don kada a bar tsoho ya yi maganar minti huɗu.

"Haka aka yi," in ji Dogo. Hawaye yana bin kuncinsa, bai share ba. "Ina tsaye a bayansa. Kalma ɗaya ba ka ƙara ba. Litinin zan je in yi rantsuwar, da izini ko babu."

"Za su kore ka."

"Su kora."

"To ka tabbata an buga wa kwafinka hatimi," in ji Baba, ya rufe ido.

Dogo ya cika alkawari. Litinin ya yi rantsuwa, Talata Barista ta shigar, aka kai wa lauyan gwamnati, kwana sha huɗu suka fara tafiya. A rana ta tara, da hantsi, ina buga wa wata mata takardar neman aiki, sai na ji muryar Inna ta bango tana kiran "Malam, Malam." Na kashe injin. Kafin in zagayo ya cika. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Ranar da kotu ta sa, na je ni kaɗai. Na zauna a benci na biyu, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Da aka kira ƙarar, Barista ta miƙe ta sanar da rasuwar mai ƙara. Alƙali ya yi ta'aziyya. Lauyan gwamnati ya miƙe, ya yi tasa ta'aziyyar, ya ce marigayi dattijon kirki ne. Sannan ya gyara rigarsa ya ce irin wannan ƙara ta mutum ce shi kansa, in ya mutu ta mutu tare da shi, don haka a kore ta.

Barista ta ce matarsa za ta maye gurbinsa. Lauya ya ce sai ta kawo takardar izinin kula da abin da mamaci ya bari, daga wata kotun daban. Na ji kaina ina cewa, "To maganar hatimin fa? Ga shi an kawo!" Ɗan sanda ya nuna mini ƙofa. Ina fita na ji alƙali yana cewa kowane ɓangare ya kawo jawabinsa a rubuce a kan ko ƙarar tana raye ko ta mutu, yana juya shafukan littafinsa.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana shara. Masu gaisuwa sun ragu, kujerun da aka aro suna jere a jikin bango.

"Me aka ce?"

"An ɗage. Wai sai kin je wata kotun kin karɓo wata takardar."

Ta jingina da tsintsiyar. "Takarda nawa za a buga?"

"Ban sani ba, Inna. Da yawa. Kuma kina iya yin duk wannan su ce a'a."

"Layin yana nan a fayil ɗin?"

"Yana nan."

"To gobe ki buɗe shago da wuri," ta ce. "In kin kai, ki tsaya a kansu har su buga."

Ta ci gaba da shara. A bakin ƙofar ɗakinsa takalmin yana ajiye, ƙwaya ɗaya, baƙi, yana ƙyalli, gwangwanin man a buɗe kusa da shi. Da tsintsiyar ta iso wurin, ta zagaye shi ta wuce.